Terabait 40 Ka Saya, 8 Da Rabi Za Ka Mora: Yadda Ceph Ke Riƙe Faifan Girgije

Alhaji ya ɗauki takardar da na ajiye masa, ya nisanta ta da fuskarsa saboda ya bar tabarau a mota, ya bi ta da yatsa har ƙasa. "Malam," ya ce, "a sama ka rubuta terabait 40. A ƙasa kuma ka ce 8 da rabi za mu mora. Sauran 31 da rabin fa, sadaka za mu bayar?"

A ofishinsa muke, saman wani bene a Nima, yaran tirotiro na ta kiran fasinja daga ƙasa. Kamfanin ba babba ba ne. Manhajojin lissafi yake riƙe wa wasu makarantun kuɗi da ƙungiyoyin susu da shagunan magani, nan Accra da Kumasi, ni kuma nake kula da injinan. Ina buɗe baki zan amsa aka kira la'asar, maganar ta kwana. Ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba. Tun watan Nuwamban 2023 da kamfanin Broadcom ya saye VMware, mai manhajar raba kwamfuta ɗaya ta zama da yawa, ya daina sayar da lasisin mallaka ya koma karɓar kuɗin shekara-shekara, samarinmu masu wannan sana'a daga Madina har Aboabo ba su da zance sai Proxmox da OpenStack, manhajojin da ake maye gurbin VMware da su, da Ceph, manhajar da ke riƙe musu faifai. Kowa ka taɓa sai ya ce ai kyauta ce. Manhajar kam kyauta ce. Kuɗin ya tashi ne daga aljihun lasisi ya koma wani aljihun, kuma gara mutum ya san wanne kafin ya sa hannu.

Wanda ya tashi a Zango ya san gidan haya: ɗaki 12, famfo ɗaya, mita ɗaya, kowane ɗan haya da makullinsa. Haka saba take, wato babbar kwamfutar nan da ke aiki dare da rana a ɗakin sanyi. Ana yanka ƙarfinta a raba wa ƙananan kwamfutoci na kwaikwayo, waɗanda 'yan sana'a ke kira biyem, kowace na zaton ita kaɗai ce a gidan. A Linux, KVM da QEMU ne ke wannan rabo. In sabobin suka yi yawa, aka ɗora musu manhajar da mutum zai buɗe wa kansa biyem ba sai ya nemi kowa ba, shi ne ake ce wa girgije. Ba wani abu ba ne a sararin samaniya. Ƙarfe ne a ɗaki, yana shan wuta yana fitar da zafi.

Ɗan haya ba ya wuyar tashi, kayansa ne ke ba da wahala. Biyem ana iya ɗauke ta daga wannan saba zuwa waccan tana cikin aiki, mai amfani da ita bai ma sani ba. Amma faifanta, inda lissafin 'yan susu na shekara biyar yake kwance, in yana cikin sabar da ta ƙone, ya tafi tare da ita. Shi ya sa masu girgije suka raba ɗan haya da kayansa: kayan suna wani rumbu daban, kowane ɗaki yana iya kaiwa gare su ta waya. Amazon ta fara sayar da irin wannan faifai a 2008 da sunan EBS. OpenStack, wadda hukumar NASA da kamfanin Rackspace suka assasa a 2010, ta ware masa sashe na kansa mai suna Cinder a 2012. Cinder kuwa ba ta ajiye komai da kanta. Dillaliya ce, tana karɓar buƙata ta miƙa wa rumbun da ke bayanta. Wane rumbu za a sa a bayan nan, nan ne gardamar take.

Tsohuwar hanya ita ce a sayi akwati ɗaya babba daga wani sanannen kamfani, cike da faifai, mai kai biyu don in ɗaya ya lalace ɗayan ya riƙe. Kamar maigida a cinikin goro na da, wanda fatake ke sauka gidansa su damƙa masa kayansu duka. Ba laifi, waɗannan akwatuna suna aiki, kuma ba ni cikin masu zaginsu. Sai dai da dala ake sayensu, da dala ake sabunta yarjejeniyar gyara, wanda kuwa ya ga yadda sidi ya zube a 2022 ya san me hakan ke nufi. In wani sashe ya lalace sai a jira a turo shi daga waje. In akwatin ya cika, sai dai a sayi wanda ya fi shi.

Ceph ta bi ta wata hanyar. Sage Weil ne ya ƙirƙire ta a aikinsa na digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, aka gabatar da ita a 2006. Sunan ya samo asali daga dangin dabbar tekun nan mai hannu takwas, shi ya sa har yau fitowarta ke ɗaukar sunaye irin su Nautilus da Octopus da Squid. Kamfanin Inktank da aka kafa don tallafa mata a 2012, Red Hat ta saye shi a 2014 kan dala miliyan 175, a 2018 kuma aka kafa mata gidauniya ƙarƙashin Linux Foundation. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Geneva ta daɗe tana ɗora girgijenta na OpenStack a kanta. Ba wasan yara ba ce ke nan. Tunaninta shi ne: maimakon akwati ɗaya mai tsada, a tara sabobi na gama-gari, kowace da faifanta, manhaja ta ɗinke su su zama rumbu ɗaya, tare da ɗaukar cewa kullum akwai wani abu da zai lalace.

Ga yadda abin yake a ciki. Kowane faifai na gaske ana ba shi ma'aikaci guda, ƙaramar manhaja mai suna OSD, wadda ba ta da aiki sai kula da shi. Faifai 16, ma'aikata 16. Faifan da biyem ke gani kuwa babu shi a ko'ina dunƙule. Sashen Ceph mai suna RBD yana yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace megabait 4. Faifan gigabait 100 zai zama gunduwa 25,600 in ya cika, a warwatse cikin dukan faifan gungun, wato tarin sabobin da aka ɗinke, kowace gunduwa kwafi uku a saba uku daban-daban. Tun da ba a lodin goro ƙwaya-ƙwaya, ana ɗaure gunduwoyin nan huhu-huhu, abin da ake kira PG, a riƙa lissafi da huhu. Bisa al'ada ana so kowane faifai ya ɗauki huhu wajen 100.

Tambayar da ta kamata ta zo wa mai hankali ita ce: wa ke riƙe da littafin da ke nuna inda kowace gunduwa take? Babu littafin. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a Ceph, kuma da rabon gado nake fahimtar da ƙannena. Ka ba malami a Sabon Zango jerin magada da adadin dukiya, ka ba wani malamin a Asawase jerin nan dai, ba sai sun yi waya da juna ba, kaso ɗaya za su fitar, domin ƙa'ida ɗaya suke bi. Ceph tana da irin wannan ƙa'ida, sunanta CRUSH. A ba ta sunan gunduwa da taswirar gungu, wato waɗanne faifai ke raye, a wace saba suke, nawa ne girmansu, sai ta fitar da amsa: faifai na 3, na 9, da na 14. Kowace biyem tana yin wannan lissafi da kanta ta tafi kai tsaye wurin mai kayan. Babu layi a ƙofar akawu, babu kuma akawun da zai faɗi komai ya tsaya. In faifai ya mutu, an sami canji a jerin ke nan, sai a sake lissafi, huhunan da abin ya shafa kawai su tashi su koma sabon wuri.

Taswirar ita ce ba ta yiwuwa a yi saɓani a kanta. Masu riƙe ta wasu ƙananan manhajoji ne da ake kira monita, kuma ana ajiye su mara ne, 3 ko 5, don a sami rinjaye. In uku ne, dole biyu su yarda kafin a ce wane faifai ya mutu wane yana raye. Ɗaya kaɗai ba ya yanke hukunci, ko da shi ne mai gaskiya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu sai lissafin Alhaji. Saba 4, kowace da faifan terabait 10, jimla 40. Kwafi uku ya mai da shi 13 da ɗoriya. Amma ba a gina gungu don ranar da komai ke lafiya. Ran da saba ɗaya ta faɗi, sauran ukun ne za su ɗauki kayanta, saura terabait 30 ke nan. Ceph kuma tana fara kuka in faifai ya kai kashi 85 cikin 100, ta daina zuba masa kayan ceto a kashi 90, a kashi 95 ta ƙi karɓar rubutu gaba ɗaya, kuma faifai ɗaya tak ya isa ya jawo wannan tsayawar. Kashi 85 na 30 shi ne 25 da rabi. Raba uku, 8 da rabi. Sauran ba sadaka ba ne. Terabait 17 kwafi ne, ragowar 14 da rabi kuma fili ne da aka bari don ranar tsiya. Wanda ya cika filin nan da kaya saboda yana ganinsa a banza, ran da saba ta mutu zai ga gungunsa ya cika kansa da kansa yana ƙoƙarin ceton kaya, har ya kulle.

Wannan ba cutar ƙananan kamfanoni kaɗai ba ce. A watan Afrilun 2011, kuskure wajen sauya hanyar sadarwa a cibiyar Amazon da ke Virginia ya raba faifan EBS da kwafinsu. Kowanne ya ɗauka abokinsa ya mutu, suka ruga neman filin yin sabon kwafi a lokaci ɗaya, filin ya ƙare, shafuka da dama suka yi kwanaki suna fama. Ba Ceph suke amfani da ita ba, amma halin ɗaya ne: rumbun da ke warkar da kansa yana iya shaƙe kansa.

Akwai hanyar rage wannan asara, wadda maimakon kwafi uku ake yanka kaya gida 4 a ƙara musu gida 2 na lissafi, ta yadda ko biyu sun ɓata za a iya sake gina su. Nan terabait 1 yana cin 1 da rabi ne kawai, ba 3 ba. Sai dai tana buƙatar saba 6 aƙalla, kuma tana da nauyin jiki a ƙananan rubuce-rubuce irin na biyem. Ga masu saba huɗu irinmu, zancen bai taso ba.

Abin da ya sa na rubuta huɗu ban rubuta uku ba, wani dare ne da Alhaji ma bai manta da shi ba. Da saba uku muka fara, na gwanjo, kowace da monita ɗaya a kanta, duk a kantar ƙarfe guda. Batirin ko-ta-kwana biyu gare mu, sai na jona saba biyu a kan babban, ɗaya a kan ƙaramin. A ganina na yi dabara. Ranar wata Alhamis a ƙarshen wata, bayan isha'i, wuta ta ɗauke, janareta ya yi gardama, babban batirin da na daɗe ban gwada ba ya kasa riƙe minti ɗaya. Saba biyu suka mutu tare. Ta ukun tana nan fitilunta na ƙiftawa, da cikakken kwafin komai a cikinta, amma ko biyem ɗaya ba ta motsi. Monita ɗaya cikin uku ba rinjaye ba ne. Wayata ta fara ruri, masu shagon magani a Kumasi ba sa iya fitar da rasit.

Da wuta ta dawo, ɗaya daga cikin biyun ta ƙi tashi, na'urar wutarta ta ƙone. Ɗayar ta tashi, amma ƙaramin batirin agogonta ya daɗe da mutuwa, sai ta farka tana zaton wata shekarar ake ciki. Monitocin Ceph kuwa ko saɓanin kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa suka gani tsakaninsu sai sun yi ƙorafi, balle shekaru. Na daidaita agogo, rinjaye ya dawo, yawancin biyem suka farfaɗo. Saura kaɗan suka ci gaba da sandarewa, domin faifai ɗaya a sabar da ta tashi bai tashi tare da ita ba, huhunan da ke kansa sun rage da kwafi ɗaya tak a duniya. Ƙa'idar Ceph ita ce kwafi uku ake so, amma ba ta karɓar rubutu sai aƙalla biyu na nan.

Ƙanena da muke aiki tare, wanda bai daɗe da gama jami'ar KNUST ba, yana tsaye bayana da tocilan waya. Ya ce, "Yaya, mu sauke ƙa'idar nan zuwa ɗaya mana, layi ɗaya ne kawai, mutane na jira." Gaskiyarsa, layi ɗaya ne, kuma da an buga shi da komai ya tashi nan take. Na ce masa a'a. In muka bar kwafi ɗaya yana karɓar rubutu, sannan faifan nan ya mutu kafin gari ya waye, to duk kuɗin da 'yan susu suka zuba a daren ya shafe, sauran kwafin kuma tsoffin labari ne. Faifan da ya sha wannan girgizar wuta ba abin ba wa amana ba ne. Na fitar da mataccen faifan daga taswira da hannu, Ceph ta fara kwashe huhunan zuwa sauran faifan sabar, muka zauna kan kwali muna kallon lambobi na sauka. Wajen minti 40 aka yi. Ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Amma kwana huɗu muka yi da kwafi biyu, gabana na faɗuwa, kafin a samo na'urar wuta, domin da saba uku kacal babu inda za a ajiye kwafi na uku in ɗaya ta faɗi. Ta huɗun ita ce ke ba gungu damar warkar da kansa ba tare da an tashe ni daga barci ba.

Laifin daren nan nawa ne. Ceph ta yi abin da aka gina ta ta yi, ta gwammace ta tsaya da ta yi ƙarya. Ni ne na gaya mata cewa sabobi uku abubuwa uku ne masu zaman kansu, alhali biyu daga ciki rai ɗaya gare su. Taswirar CRUSH kamar bishiya take: faifai a cikin saba, saba a cikin kanta, kanta a layi, har da matakin layin wuta, da ɗaki, da gini. Kai ne za ka faɗa mata a wane mataki za ta raba kwafin. Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka sun fi damuwa da mutuwar faifai, domin can shi ne abin da ya fi faruwa. Mu da muka rayu cikin dumsor na 2015, wato ɗauke-ɗauken wutar nan, mun san abin da ke kashe inji a nan ba ɗaya-ɗaya yake ɗauka ba. Wuta ce, da zafi in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, da ƙurar hunturu, da suwic ɗaya, na'urar da ke haɗa wayoyin sabobi, da kowa ya rataya a kansa. Kwafi uku a bayan batiri ɗaya, kwafi ɗaya ne aka biya kuɗinsa sau uku. Shi ya sa a sabuwar takardar kowace saba tana da na'urar wuta biyu, kowace jone da batiri daban, suwic ma biyu ne.

Sai batun sauri, inda mutane da yawa ke cizon yatsa. In biyem ta yi rubutu, saƙon yana zuwa wurin faifan farko, shi kuma ya tura wa sauran biyun, ba a ce wa biyem an gama ba sai dukansu ukun sun tabbatar. Tafiyar ayari ce, mai ɗingishi ne ke yanke saurinta. Faifai ɗaya mai ciwo yana iya jan ƙafar gungu duka, tun da kowace biyem tana da gunduwa a kansa. Kuma kowane rubutu sai ya ratsa waya. Wayar gigabit 1 ba ta wuce megabait 125 a daƙiƙa, a wannan ma'auni kwashe terabait 10 zai ci awa 22, a kan wayar da biyem ke bi suna aikinsu. Gigabit 10 shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi.

Faifan SSD ma, wato faifan zamani mai sauri, ba duka suke ɗaya ba, wannan kuwa da aljihuna na koya. Na taɓa zuwa Circle na sayo irin na laftof guda shida, sababbi fil a kwali, lambobin saurin da ke jikinsu kamar jirgi. Na sa su a gungun gwaji, rumbun bayanai ya riƙa rarrafe. Mai shagon bai cuce ni ba, abin da na tambaya ya ba ni. Ceph tana tilasta wa faifai ya rantse cewa rubutu ya zauna daram kafin ta wuce. SSD na cibiyoyin bayanai yana da 'yan ma'ajiyar wuta a cikinsa da ke ba shi damar ƙarasa rubutu ko wuta ta yanke, don haka yana amsawa nan da nan. Na laftof ba shi da su, sai ya tsaya ya rubuta kowane ɗan guntu tukuna. Na cibiya ko na gwanjo ne, in dai bai cinye rayuwarsa ba, ya fi sabon na laftof a wannan aiki. A ƙara da cewa kowane OSD yana son wajen gigabait 4 na ƙwaƙwalwa shi kaɗai. Kun ga aljihun da kuɗin lasisin ya koma.

To me ake samu bayan duk wannan? Da yawa. Ina iya kwashe biyem duka daga saba da rana tsaka, in kashe ta, in share mata ƙura, in mayar, ba wanda ya kira ni. Ceph tana jiran minti 10 kafin ta ɗauka faifan da ya yi shiru ya tafi ke nan, kuma akwai tutar da ake ɗaga mata a ce gyara ake yi, kada ta fara kwasar kaya. Buɗe sabuwar biyem ba ya buƙatar kwafe faifan uwa, wato samfurin da ake haifar biyem daga gare shi, gaba ɗaya. Jingina sabon ake yi da tsohon, abin da ya canja kawai ake rubutawa, sai ka ga biyem 30 sun tashi cikin ɗan lokaci daga uwa ɗaya. A OpenStack sai an ajiye uwar ɗanya, ba a matse ba, kafin wannan dabara ta yi aiki, kuma mutane da yawa na tuntuɓe a nan. Faifan da ka ba mutum gigabait 500 ba ya cin fili sai gwargwadon abin da ya zuba, wanda daɗi ne kuma tarko ne, don kana iya yin alkawarin abin da ba ka da shi. Kullum kuma Ceph tana zagayawa tana gwada kwafi da kwafi, duk mako ta karanta su ciki da bai, ta kamo ruɓewar da ba wanda ya lura da ita. In wuri ya yi kaɗan, saba ake ƙarawa, kayan su baje da kansu.

Abu ɗaya da kwafi uku ba ya yi shi ne kare ka daga kanka. Ka goge faifai bisa kuskure, za ta goge shi wuri uku cikin biyayya. Ɓarayin intanet su kulle bayanan biyem, kullallun za ta adana sau uku. Ajiyar ko-ta-kwana a wani gini daban ba ta da madadi. Alhaji ya taɓa kawo shawarar mu kai saba biyu Kumasi, gungun ya zama rabi nan rabi can. Tunani ne mai kyau, sai dai tsakanin garuruwan wajen kilomita 250 ne, haske kuma a cikin wayar gilashi kilomita 200 yake ci a kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. Zuwa da dawowa kashi 2 da rabi ke nan ko da wayar miƙaƙƙiya ce, kuma kowane rubutu sai ya biya wannan harajin. Ran da masu haƙa kwalbati suka datse wayar, ɓangaren da ba shi da rinjaye ya sandare. Abin da ya dace shi ne gungu biyu masu zaman kansu, na Accra yana aika wa na Kumasi canje-canje a bayan fage. Ceph tana da wannan hanya, sunanta rbd-mirror, sharaɗin dai ka yarda cewa na can zai riƙa bin baya da ɗan lokaci.

Wani zai ce me ya kai mu wannan wahala, ga manyan girgije na haya. Tambaya ce mai kyau, kuma ga mutane da yawa amsar ita ce su je can ɗin. Amma cibiyar Amazon da aka fara buɗewa a nahiyar nan tana Cape Town ne, tun 2020, kuɗin hayarta da dala. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma, muna cikin azumi, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, wanda kayansa ke ƙetare ya wuni yana kallon allo. Dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora nauyin bayanan mutane a wuyan wanda ya karɓe su, ko ina ya kai su. Akwai dalilin da zai sa mutum ya so kayansa kusa da shi.

Ba kowa zan ba shawarar Ceph ba. Mai saba biyu da biyem goma, ya nemi DRBD, manhajar kwafe faifai tsakanin saba biyu ta kamfanin LINBIT da ke Vienna, ko ya bar faifansa a cikin saba ya riƙa kwafewa zuwa ɗayar, zai fi samun barci. GlusterFS da aka yi yayinta, Red Hat ta janye tallafin kasuwancinta a ƙarshen 2024, ba zan ɗora sabon gini a kanta ba. Proxmox ta sauƙaƙa girka Ceph har ta kai 'yan danne-danne kaɗan sun isa, abin da nake ganin alheri ne da haɗari a haɗe, domin girkawa ba ita ce sana'ar ba. Sana'ar tana farawa ne ran da allo ya daina nuna lafiya lau. Kamfanin da mutum ɗaya kaɗai ya san wannan, ran da ya tafi Hajji an shiga uku. Shi ya sa a takardar na sa kuɗin tsofaffin injina uku na gwaji, waɗanda ƙanena zai riƙa lalatawa yana gyarawa.

Washegari bayan azahar na koma na zayyana wa Alhaji lissafin a bayan takardar. Ya daɗe yana kallon 8 da rabin. Ya ce, "Wato in na ƙara ta biyar, nawa zai zama?" Na ce 11 da ɗoriya. Ya ce a bar ta biyar sai dala ta sauka. Sharaɗi ɗaya ya kafa kafin ya sa hannu: ran da aka gama haɗawa, shi da kansa zai shiga ɗakin ya zare wayar wutar duk sabar da ya ga dama, yana riƙe da wayarsa a kunne da mai shagon magani na Kumasi a kan layi. Na ce masa wayoyin biyu ne yanzu a kowace saba, sai ya zare duka.